Babi na Shida: Majinyaci da Fahimtar Bayanin Likita

6.0 Gabatarwa

Daga cikin wuraren da harshe ke ɗaukar nauyi mai girma a rayuwar Bahaushen yau akwai ɗakin ganin likita. A wannan ɗaki ne mutum biyu kan zauna na ɗan taƙaitaccen lokaci: ɗaya ya yi karatunsa da Ingilishi, ɗayan kuwa da Hausa yake jin ciwonsa, da ita kuma yake bayyana shi. Sau da yawa dukkansu Hausawa ne, amma hakan bai hana a tashi ba tare da an fahimci juna ba. Majinyaci ya fito riƙe da takarda, 'yan'uwa su tare shi a bakin ƙofa da tambayar, "Me likita ya ce?" shi kuwa ya amsa da cewa, "Ya dai rubuta magani." Wannan amsa ita ce matsalar da babin zai duba.

An sanya wannan darasi cikin kwas na Hausa ne saboda dalili mai ƙarfi. Malamin makaranta, musamman a karkara, shi ake kai wa takardar asibiti ya karanta, shi ake roƙo ya yi rakiya don ya yi tafinta, kuma a ajinsa ne yaro mai sikila ko mai farfaɗiya ke wuni. Kuskuren fassara a darasin adabi maki kawai yake ragewa. A bakin asibiti kuwa yana iya cin rai.

6.1 Ma'anar Tantance Cuta

Tantance cuta shi ne aikin da likita ke yi na gano ainihin cutar da ke damun mutum, tare da rarrabe ta da sauran cututtukan da suka yi kama da ita. Kalmar da likitoci ke amfani da ita a kan wannan aiki daga Girkanci aka samo ta, ma'anarta ta asali kuwa ita ce rarrabewa ta hanyar sani.

Kafin a ci gaba, wajibi ne ɗalibi ya bambance tsakanin alama da cuta. Alama ita ce abin da majinyaci ke ji ko ake gani a jikinsa, kamar zafin jiki, tari, jiri ko kumburi. Cuta kuwa ita ce lalurar da ta haifar da alamar. Zazzaɓi, wanda a wasu kare-karen harshe na yamma ake kira masassara, alama ce kurum. Yana iya zama na cizon sauro, ko taifot, ko sanƙarau, ko ciwon huhu, ko wani ƙurji da ya ɗuri ruwa. Wanda ya ce "zazzaɓi nake yi" ya faɗi abin da ya kawo shi asibiti, bai faɗi cutarsa ba tukuna.

Likita kan bi matakai uku. Na farko shi ne tambayoyi: yaushe ciwon ya fara, a ina yake, me ke tayar da shi, wane magani aka sha a gida ko a kemis, akwai mai irinsa a dangi? Na biyu shi ne duba jiki da ido da hannu da abin sauraren ƙirji. Na uku shi ne gwaji, wato na jini ko fitsari ko majina ko ɗaukar hoto. Jama'a sun fi ganin girman mataki na uku, har wasu kan ce likitan da bai tura su gwaji ba bai yi aiki ba. Amma a wajen likitoci mataki na farko ne ginshiƙi, kuma shi kacokan magana ce. Ke nan majinyacin da ya ɓoye wani abu, ko tafintan da ya taƙaita bayani, ya karkatar da aikin tun daga tushe.

Haka kuma ba kowane sunan cuta da likita ya ambata ne tabbatacce ba. Akwai zato, akwai tabbaci. Idan likita ya ce "ina jin maleriya ce", yana nufin ita ya fi zato cikin cututtukan da za su iya kawo waɗannan alamu. Saboda yawan kuskuren da ake yi a nan ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a shekarar 2010 cewa a riƙa gwada jinin duk wanda ake zaton yana da zazzaɓin cizon sauro kafin a ba shi magani. Gwajin ma yana da iyaka. Kyakkyawan misali shi ne gwajin Widal, wanda wani likita Bafaranshe mai wannan suna ya ƙirƙiro a shekarar 1896. Gwajin ba ƙwayar taifot yake gani ba. Martanin da jiki ya mayar yake aunawa, kuma wannan martani na iya bayyana a jinin wanda ya taɓa yin cutar a da, ko wanda ke fama da wani zazzaɓi dabam. Wannan yana daga cikin dalilan da suka sa "maleriya da taifot" ta zama kamar tagwaye a bakin jama'a. Gwajin da ya fi inganci shi ne na renon ƙwayar cutar daga jini a ɗakin gwaje-gwaje, sai dai yakan ɗauki kwanaki, kuma ya fi tsada.

6.2 Sunayen Cututtuka a Hausa

Bahaushe yana da tsarinsa na kiwon lafiya tun kafin zuwan Turawa, da masanansa irin su boka da wanzami da maɗori da ungozoma da malamin tsibbu. L. Lewis Wall, wani likita ɗan Amurka da ya yi bincike a karkarar ƙasar Katsina, ya nuna a littafinsa Hausa Medicine na shekarar 1988 cewa kalmar "lafiya" ta zarce rashin ciwo, ta haɗa da daidaituwar al'amura da zaman lumana. Idan lafiya tana da faɗi haka, ba mamaki sunayen cututtuka su ma su kasance da faɗi.

Idan aka nazarci waɗannan sunaye za a ga an gina su ta hanyoyi dabam-dabam. Wasu an jingina su ga gaɓar da ke ciwo, kamar ciwon kai, ciwon ciki, ciwon mara da ciwon ƙoda. Wasu daga alamar da ake gani aka samo su, kamar sanƙarau daga sanƙarewar wuya, farfaɗiya daga faɗuwa, ƙanjamau daga ƙanjamewa, da yoyon fitsari. Wasu kuma suna ɗauke da abin da ake jin shi ne sanadin ciwon, kamar sanyi da daji da shan inna. Kashi na ƙarshe shi ne na aro ko fassara daga Ingilishi, kamar taifot, olsa, asma, sikila, hawan jini da ciwon suga.

Kowane kashi yana da irin tarkonsa. Sunan da ke ɗauke da sanadi yakan nuna wa majinyaci ƙofar da zai nufa. Shan inna yana nufin Inna, ɗaya daga cikin iskokin bori, ce ta shanye ƙafar yaro. Wanda ya yarda da haka ba zai ga alaƙar ciwon da ɗigon rigakafi ba. Da ɗigon ne kuwa aka kai ga tabbatar da kawar da ƙwayar cutar ta asali daga nahiyar Afirka a watan Agustan 2020, bayan an ga ta a karo na ƙarshe a Jihar Barno a shekarar 2016. Haka nan ciwon daji, wanda ake kuma kira sankara ko kansa: akwai camfin cewa daji ba ya son ƙarfe, don haka mace mai ƙullutu a nono takan guje wa allura da tiyata a daidai lokacin da za su fi yi mata amfani, sai ciwo ya ci jiki a kawo ta. Idan ta rasu bayan aikin sai a ce ƙarfe ne ya kashe ta, camfin ya ƙara samun gindin zama.

Sunayen da suka fi wahalar da mai fassara su ne masu faɗin ma'ana, musamman shawara da basir da sanyi. Shawara ita ce canjin launin ido da fitsari zuwa ruwan ɗorawa. A wajen likita wannan alama ce da ke nuna wani sinadari ya taru a jini, kuma abubuwan da ke kawo ta suna da yawa: ciwon hanta, toshewar hanyar matsarmama, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, sikila, ko zazzaɓin shawara da wani nau'in sauro ke yaɗawa. Jariri sabon haihuwa ma yakan yi ta, kuma idan ta yi tsanani ba a sa shi ƙarƙashin fitilar asibiti ba tana iya taɓa ƙwaƙwalwarsa har abada. Duk waɗannan suna ɗaya ne a Hausa, saboda haka jiƙo ɗaya ake nema musu. A ɗaya gefen kuma, mai ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B yana iya shekara da shekaru idonsa fari tas. Idan tafinta ya fassara masa cutar da "shawara", sai ya dubi madubi ya ce likita ya yi kuskure. Binciken ƙasa da aka gudanar a Nijeriya a shekarar 2018 ya nuna kimanin kashi 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da wannan ƙwaya.

Basir kalma ce da aka aro daga Larabci, kuma a littattafan likitanci tana nufin kumburin jijiyoyin jini a dubura. A kasuwa da tasha kuwa, inda masu magani ke talla da lasifika, basir ya haɗa da taurin bayan gida, ciwon baya, kumburin ciki, kasala da raunin mazakuta. Haɗarin a nan shi ne, jini a bayan gida yana iya zama alamar sankarar hanji, amma mai shi ya shafe shekara yana shan maganin basir. Sanyi ma haka yake: mura sanyi ce, ciwon gaɓoɓi sanyi ne, cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa su ma sanyi ake ce musu don sakaya zance.

Sunayen fassara ba su tsira ba. Hawan jini yakan sa mutane su ɗauka jini ne ya yi yawa a jiki, ko kuwa tunani ne kaɗai ke kawo shi. Abin da ake aunawa shi ne ƙarfin da jini ke matsa bangon jijiyoyi. Lambobi biyu ake rubutawa: ta sama tana nuna matsin lokacin da zuciya ta buga, ta ƙasa kuma lokacin da ta saki. Bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, ana cewa mutum yana da hawan jini idan an auna shi a ranaku biyu dabam-dabam aka sami ta sama ta kai 140 ko ta ƙasa ta kai 90. Mafi yawan masu shi ba sa jin komai, don haka wanda ke shan ƙwaya ranar da kansa ke ciwo kawai, ya bari ranar da ya ji garau, yana kasada da shanyewar ɓarin jiki da lalacewar ƙoda. Ciwon suga kuwa sunansa yakan sa majinyaci ya daina sa suga a shayi ya koma zuma, yana kuma cin malmalar tuwo uku da fura a kai, bai san jiki na mayar da hatsi da rogo da shinkafa suga ba. Akwai kuma rikicin ma'auni. Wani ɗakin gwaji da miligiram yake rubuta sakamako, wani da milimol. Iyakar da ake tantance cutar da ita ga wanda ya kwana bai ci komai ba ita ce 126 a ma'auni na farko, 7 a na biyu. Abu ɗaya ne, domin ana ninka na biyun sau 18 ne a sami na farkon. Majinyacin da ya ga 7 a wannan wata, ya ga 126 a wata mai zuwa a wani wuri, zai iya kwana bai runtsa ba a kan ciwon da bai motsa ba.

Kalmar "magani" kanta tana buƙatar lura. A tunanin Bahaushe magani shi ne abin da ke raba mutum da ciwo. Akwai cututtukan da haka abin yake, kamar tarin fuka da ake warkewa bayan shan ƙwayoyi na wata 6 ba tare da fashi ba. Akwai kuma waɗanda ake lallaɓawa ne a zauna da su, kamar hawan jini da ciwon suga. Idan ba a fayyace wa majinyaci kashin da cutarsa ta faɗa ba, ranar da ya ga wata uku sun wuce ba a sallame shi ba sai ya yanke cewa ciwon ba na asibiti ba ne.

6.3 Sikila a Matsayin Misali

Babu cutar da ta fi sikila dacewa da wannan darasi, domin fahimtarta ta shafi aure da haihuwa da zumunci, kuma Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu ita. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2006 ya ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da ita duk shekara a ƙasar, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da irinta.

Hausawa na kiranta amosanin jini. Sunan sikila kuwa daga kalmar Ingilishi mai ma'anar lauje aka aro shi, saboda ƙwayoyin jinin mai cutar kan lanƙwashe kamar lauje idan iskar da suke ɗauke da ita ta yi ƙaranci. James Herrick, wani likita a birnin Shikago na Amurka, shi ya fara bayyana wannan siffa a rubuce a shekarar 1910, bayan an duba jinin wani ɗalibi daga tsibirin Girenada. Sai dai likitan nan ɗan Gana, Felix Konotey-Ahulu, ya nuna cewa al'ummomin ƙasarsa suna da sunayen cutar a harsunansu tun da daɗewa kafin wannan lokaci. Lafiyayyar ƙwayar jini takan rayu kwana 120, ta mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20. Daga nan ake samun ƙarancin jini da shawara a ido. Ƙwayoyin da suka lanƙwashe kuma sukan toshe ƙananan jijiyoyi, abin da ke kawo azababben ciwon ƙashi da kumburin hannu da ƙafa a ƙananan yara. Akwai yiwuwar wasu daga cikin matan da a da ake kira masu wabi, wato waɗanda 'ya'yansu ke mutuwa suna ƙanana ɗaya bayan ɗaya, wannan cuta ce ke yi musu ɗauki ɗai-ɗai.

Cutar gado ce daga uwa da uba gaba ɗaya. Kowane mutum yana karɓar iri ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wanda ya karɓi lafiyayyu biyu shi ne AA. Wanda ya karɓi lafiyayye ɗaya da na sikila ɗaya shi ne AS, kuma shi ba maras lafiya ba ne. Hasali ma Anthony Allison ya nuna a shekarar 1954, a binciken da ya yi a Afirka ta Gabas, cewa AS yana ba da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, wanda shi ne dalilin yawaitar irin a ƙasashen sauro. Wanda ya karɓi na sikila biyu shi ne SS, mai cutar.

A nan ne rashin fahimta ke yin ɓarna mafi muni. Kuskure na farko shi ne ɗora wa uwa laifi, dangin miji su ce ita ta kawo musu ciwo cikin zuriya, alhali yaro ba ya zama SS sai uban ma ya ba da nasa kason. Na biyu shi ne rikita wannan gwaji da na rukunin jini, wato A da B da AB da O, wanda ake dubawa idan za a yi ƙarin jini. Saurayi ya ce shi "A" ne, a ɗauka AA yake nufi, a ɗaura aure. Na uku ya shafi lissafi. Idan AS ya auri AS, likita kan ce "ɗaya cikin huɗu" zai zama SS. Ma'aurata da yawa sukan fahimci cewa idan an haifi mai sikila ɗaya, uku masu zuwa sun tsira, ko kuwa sai haihuwa ta huɗu ce abin tsoro. Lissafin kowane ciki ne a karan kansa. Misalinsa kamar mutum biyu ne kowa ya jefa kwabo sama: yiwuwar duka biyun su faɗo ta fuska ɗaya takamaimiya ɗaya ce cikin huɗu, kuma kwabo ba ya tuna yadda ya faɗi jiya. Ana iya haihuwar 'ya'ya huɗu duk SS, ana iya haihuwar shida babu ko ɗaya. Tun da Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a shekarar 2024, wadda ta haɗa da wannan gwaji, buƙatar masu iya bayyana shi da Hausa mai sauƙi ta ƙaru ƙwarai, domin takardar gwaji a hannun wanda bai gane ta ba ba ta hana komai.

Wajibi ne kuma a gaya wa iyaye cewa SS ba takardar mutuwa ba ce. Rigakafi a kan lokaci, kwana cikin gidan sauro, yawan shan ruwa, guje wa sanyi da gajiya mai yawa, zuwa asibiti da zarar zazzaɓi ya taso, da ƙwayar hydroxyurea da aka amince da ita a Amurka tun shekarar 1998, duk suna rage tashin ciwon, kuma masu cutar da yawa suna girma su yi karatu su yi aiki su yi iyali.

6.4 Al'ada da Halin Majinyaci

Ban da sunaye, ladubban magana ma suna shiga tsakani. A dubi wannan misali na zance tsakanin matashin likita da wani dattijo:

Likita: Baba, sannu. Yaya ƙarfin jikin?
Dattijo: Da sauƙi, likita. Alhamdu lillahi.
Likita: Ana dai shan maganin ko?
Dattijo: Ana sha, ranka ya daɗe.
Likita: To madalla. A ci gaba da shi, sai bayan wata uku.

A zahiri an yi magana, amma babu abin da aka faɗa. "Da sauƙi" amsar gaisuwa ce. Bahaushe yakan faɗe ta ko da a gargarar mutuwa yake, domin ƙorafi a kan ciwo alamar raki ce da ƙarancin godiya ga Allah. "Ana sha" kuma ba ta nuna sau nawa ba, ba ta kuma nuna ko ƙwayoyin sun ƙare tun mako biyu da suka wuce ba. Da likitan ya ce, "Baba, nuna mini wadda kuka sha yau da safe," da ya ji labari dabam.

Kunya ita ma tana da nata rabo. Mace takan ce "cikina ke ciwo" tana nufin mara ko al'ada, takan kuma yi shiru gaba ɗaya idan mai tafintan ɗanta ne ko surukinta. Namiji yakan zagaya da "sanyi" ko "basir". Girmama na gaba kuma yakan hana tambaya: majinyaci ya gyaɗa kai yana cewa "to, to", wadda ke nufin ya ji, ba lallai ya gane ba. Kalmomin Ingilishi da ke kan takardar gwaji su ma sukan juya ma'ana. Wanda ya yi 'yar boko ya san fozitif abu ne mai kyau, negatif kuwa maras kyau. A takardar asibiti fozitif na nufin an ga abin da ake nema, wato galibi cutar.

Sai kuma firgici. Roy Kessels, wani masani ɗan ƙasar Holan, ya tattara sakamakon bincike a shekarar 2003 wanda ya nuna majinyata kan manta kashi 40 zuwa 80 cikin 100 na bayanin likita nan take, kuma kusan rabin abin da suka tuna ba daidai suka tuna shi ba. Waɗannan kuwa mutane ne da akasari ke jin harshen likitansu. Da zarar kunne ya ji "daji" ko "ƙoda", sauran jawabin iska ke kwashewa. Tawakkali yana taimaka wa Bahaushe ƙwarai wajen ɗaukar mummunan labari, kuma abin yabo ne. Inda ake kuskure shi ne a mayar da shi dalilin barin tambaya, alhali addinin da ya koyar da tawakkali shi ya yi umarni da neman magani.

6.5 Haƙƙin Majinyaci

Neman bayani haƙƙi ne da doka ta tanada. Sashe na 23 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta shekarar 2014 ya ɗora wa ma'aikacin lafiya a Nijeriya nauyin sanar da majinyaci halin da lafiyarsa ke ciki, da hanyoyin gwaji da magani da ake da su, da amfani da haɗari da kuɗin kowace, da ikonsa na ƙin karɓa. An keɓe yanayin da akwai ƙwaƙƙwarar hujjar cewa sanarwar za ta cutar da shi. Sashen ya ƙara da cewa a yi bayanin, gwargwadon iko, da harshen da majinyaci ke ji, tare da la'akari da zurfin karatunsa. Sashe na 26 kuma ya wajabta riƙe sirrinsa.

Saboda haka bai kamata majinyaci ya tashi daga gaban likita ba sai ya san sunan cutarsa, ya kuma roƙi a rubuta masa shi. Ya san ko zato ne ko tabbaci. Ya san ko ana warkewa ko zama ake yi da ita. Ya san ko ana ɗauka ko ana gado, domin iyalinsa. Ya san yadda zai sha magani da tsawon lokacinsa. Ya kuma san alamun da idan ya gani zai dawo ba tare da jiran ranar da aka ba shi ba. Yana da kyau ya tafi da wanda ya amince da shi, ya kuma adana takardunsa wuri guda. Idan cutar babba ce kuma zuciyarsa ba ta kwanta ba, neman ra'ayin wani likita ba cin fuska ba ne.

6.6 Matsayin Malami

Dabarar da masana kiwon lafiya ke koya wa likitoci a yau tsohuwar dabarar malamin aji ce, wato auna fahimta. Malamin kirki ba ya tambayar "kun gane?" domin ya san amsar da za a ba shi, cewa yake yi ɗalibi ya maimaita da bakinsa. Haka ya kamata mai tafinta ya yi: "Inna, idan kin koma gida me za ki ce wa Malam likita ya ce?" Daga amsarta za a ga inda bayani ya karkace.

Malamin da aka sa tafinta ya fassara abin da aka faɗa duka, kada ya rage don tausayi, kada ya ƙara don gwaninta. Idan babu kalmar Hausa da ta yi daidai, ya bayyana da jimla, ya fi ya cusa kalma mai faɗi irin shawara ko sanyi. Idan an kawo masa takarda gida ya karanta abin da ke rubuce, amma ya san iyakarsa: fassara aikinsa ce, yanke hukunci a kan sakamakon gwaji ko canja magani aikin likita ne. Abin da ya gani a takardar kuma amana ce, ba zancen majalisa ko ofishin malamai ba.

A cikin aji, yaro mai sikila yana buƙatar izinin shan ruwa da fita fitsari a kai a kai, da sassauci a wasannin motsa jiki da aikin gayya, kuma fashin da yake yi ba lalaci ba ne. Mai farfaɗiya idan ta tashi a kawar da abin da zai ji masa rauni, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko wani abu a baki, a garzaya da shi asibiti idan jijjigar ta wuce minti 5. Malami ya kuma gaya wa sauran yara cewa ba a ɗaukarta ta yawu ko taɓawa, kuma a cewar Hukumar Lafiya ta Duniya kusan kashi 70 cikin 100 na masu ita za su iya daina faɗuwa idan sun sami maganin da ya dace.

Jinga

1. Ɗalibi ya tattaro sunayen cututtuka 15 daga karin harshen yankinsa, ya rarraba su bisa hanyoyin ginin suna da aka ambata a 6.2, ya kuma nuna waɗanda ba su shiga kowane kashi ba.

2. Ya sake rubuta zancen likita da dattijo da ke 6.4 ta yadda likitan zai sami bayanin da yake buƙata ba tare da ya saɓa wa ladabin magana da manya ba.

3. Ya rubuta bayanin da bai wuce kalmomi 150 ba, wanda zai yi wa waliyyan aure biyu da ba su yi karatun boko ba, a kan ma'anar "ɗaya cikin huɗu" idan saurayi da budurwa duka AS ne.